Mu 'Ya'yan Kwatas: Wa Ya Tuna Kaduna ta Shekarun 1960?

Hajiya 'Yar Kwatas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya biki ya kai ni Kaduna. Da aka kai amarya sai na roƙi ɗana ya zaga da ni unguwar da aka haife ni, can ta wajen hanyar Kawo. Na sha zuwa Kaduna, amma layinmu rabona da shi tun 1968. Mun fi awa guda muna kewayawa ban gane komai ba. Inda gidanmu yake yanzu bene ne mai shaguna a ƙasa. Abin da ya tabbatar mini nan ne wurin wata tsohuwar kwalbati ce a bakin titi, wadda muke zama a kanta bayan azahar muna jiran keken Baba ya ɓullo. Na sauka daga mota na dafa ta, hawaye suka zo mini.

A 1955 aka haife ni. Baba akawu ne a ɗaya daga ma'aikatun gwamnatin Jihar Arewa, mutumin wani ƙauye kusa da Gusau. Aka ba shi gida a kwatas ɗin ƙananan ma'aikata: ciki biyu da falo, kicin a baya, famfo a tsakar gida, rufin kwano. Gidajen duk iri ɗaya ne a jere, fenti ɗaya, taga ɗaya, dogon yaro a ƙofar kowa. Daga bayan layinmu sai gonaki da daji. Babu zaure, babu kaka, babu baffa, daga mu sai iyayenmu. Maƙwabcinmu na dama Banufe ne, na hagu Inyamuri, gaba kaɗan Bayarabe ɗan Ilori da wani Babarbare.

Duk hutun ƙarshen shekara muna hawa jirgin ƙasa, mu bi ta Zariya da Funtuwa mu sauka Gusau. Da mun isa gwaggona takan dube mu ta ce, 'ya'yan bariki sun zo, ba su san dangin uwa ba, ba su san na uba ba. Maganar ta zauna mini har yau da nake da jikoki. Shi ne nake tambayar waɗanda suka tashi irin tashinmu: riba muka ci ko asara muka yi?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni na girme ki da shekara bakwai, kuma a irin wannan kwatas na tashi. Ina aji biyu aka jera mu a bakin hanya da tutoci lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo hawan daba a 1956. Ban taɓa ganin dawakai da yawa haka ba, kuma ban sake gani ba. Amsata ita ce riba muka ci, babu tantama. Mun sha ruwan famfo, mun yi karatu da wutar lantarki ta ECN, hukumar wuta ta wancan lokaci, an sa mu makaranta maza da mata ba tare da wani kawu ya zo ya hana ba. A ƙauyenmu a wannan lokacin yaro ba ya shiga boko sai wanda hakimi ya kama da ƙarfi.

Malam Bazazzagi:
Allah ya ƙara girma Baba, amma ban yarda ba. Ni cikin birnin Zazzau na tashi, gidanmu ya fi mutum 40. Yaro bai isa ya wuce zaure bai durƙusa ya gaida kakansa ba. Da asuba allo, da yamma allo, da dare tatsuniya a ɗakin kaka. Idan uwarka ta yi tafiya ba ka ma sanin ta tafi, don ɗakuna biyar ne za su ba ka tuwo. 'Yan uwanmu da suka tashi a Kaduna in sun zo Sallah muna ganin bambanci. Hausarsu ta gauraye, suna kiran ubansu da sunan da ba mu saba ji ba, ba su san wa za su yi wa wasan taubashi ba. Ban ce mutanen banza ba ne, da yawansu sun zama manya a ƙasar nan. Amma akwai abin da famfo da lantarki ba sa bayarwa, gwaggon Hajiya ta faɗi gaskiya.

Hajiya 'Yar Kwatas:
Malam, allo dai mun yi. Akwai wani malami Bakatsine da yake da makaranta a unguwar da ke maƙwabtaka da mu, ƙarfe huɗu muke tafiya, ranar Laraba mu kai kuɗin Laraba, kwabo ɗaya ɗaya. Na sauke a hannunsa. Amma batun kaka ka yi gaskiya. Tawa sau ɗaya nake ganinta a shekara, har ta rasu ina jin nauyinta kamar baƙuwa. Wannan yana damuna.

Gwaggon Abakwa:
Ni dai bari in gyara wani abu a maganar ƙanwata Hajiya. Ta ce daga su sai iyayensu. Wataƙila gidansu haka ne, amma a namu da yawancin gidajen da na sani ba haka ba ne. Wanda ya zana gidajen nan miji da mata da 'ya'ya biyu ya sa a ransa. Mu kuwa akwai lokacin da muka kai mutum 14 a ciki biyu da falo. Ƙanin Baba yana neman aikin masinja, wata shida yana kwana a falo. 'Ya'yan ƙanwarsa biyu an kawo su karatu. Duk wanda za shi asibiti daga garinmu, ko mai neman fasfo na Makka, ko mai ƙara a kotu, gidanmu ne masauki. Da dare a jingine kujeru a shimfiɗa tabarmi. Baba ya sa aka kewaye bayan gida da zana don Inna ta samu inda za ta sake, aka kafa rumfa a gaba ta zama kamar zaure. Har tumaki muka yi kiwo da kaji, duba-gari yana zuwa yana faɗa, yana leƙa randa ko akwai tsutsar sauro. Wato dangi ba mu bar su a ƙauye ba, biyo mu suka yi. Albashin mutum ɗaya ne yake ɗauke da su duka.

Ɗan Kakuri:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma sai na ji kamar wata Kaduna kuke magana, ba wadda na tashi a ciki ba. Ku 'yan arewacin kogi ne. Mu muna ƙetaren gada, Kakuri da Makera da Nasarawa, inda masaƙu suke. Kaduna Textiles ce ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da wani kamfanin saƙa na Ingila, akoko suka fara fitarwa. Daga baya Nortex ta zo, sai Arewa Textiles ta mutanen Japan, sai UNTL ta mutanen Hong Kong. Cikin shekara goma ƙauyuka suka zama gari.

Babana a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki shekara 22. Ba a ba mu kwatas ba. Ɗaki ɗaya muke haya a gidan da ke da ɗakuna goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa. Famfo ɗaya ne a bakin layi, tun asuba ake jera bokitai. Bayan gida na bokiti ne, da tsakar dare masu kwasa suke zuwa ta ƙaramar ƙofar baya, an hana mu ko kallonsu. Agogonmu jiniyar masaƙa ce. In ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika titi kamar fari, masu shiga da masu fita. Satin da Baba yake aikin dare, da rana ba a yarda ko tari ka yi a ɗaki ba, sai mu tafi bakin kogi ko layin dogo mu wuni.

Ina tuna yajin aikin gama-gari na watan Yuni 1964 saboda kusan sati biyu Baba yana gida, jiniya ta yi shiru, Inna tana auna gari da hannu tana lissafi. Kuma ina tuna yadda yake dawowa da auduga a gashinsa da girarsa. Da ya tsufa kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar injuna, ga tari da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Ba ina ƙorafi a kan tashina ba ne, na ji daɗin yarinta ƙwarai. Amma in za a ce rayuwar gefen gari ta wancan zamani, a haɗa da mu.

Baba Mai Ritaya:
Gaskiyarka ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Mu ma da kake gani ba mu ne a sama ba. Sama da mu akwai GRA, inda Turawa da ministoci da manyan sakatarori suke. Gida ɗaya filinsa ya kai layinmu gaba ɗaya, ga ɗakunan boyi da kuku a baya. Muna zuwa tsinkar mangwaro karnuka suna koro mu. 'Ya'yansu Capital School suke zuwa a mota, mu muna tafiya tamu a ƙasa, wani da takalmi wani babu. Kanti irin Kingsway sau biyu na taɓa shigarsa ina yaro, kuma duka biyun rakiya na yi. Garin hawa uku ne, kowa ya san matakinsa.

Baƙon Amurka:
Iyayena ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ɗan 1980 ne. Abin da Baba Mai Ritaya ya faɗa ba haka kawai ya faru ba, tsari ne. Tun zamanin Lugga, wanda ya dawo da hedkwatar Arewa Kaduna daga Zungeru a 1917, dokar gari ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro. Da Turawa suka tafi sai manyanmu suka shiga gidajen, layin ya zauna inda yake.

A nan inda nake zaune akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da ta tashi a Levittown, kusa da New York. Gidaje fiye da 17,000 aka gina a wurin tsakanin 1947 da 1951, yawanci don sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, duk kusan fasali ɗaya, a kan tsofaffin gonakin dankali. In tana ba ni labari kamar Hajiya nake ji: uba ya fita da safe, uwa tana gida, yara sun cika layi, kakanni an baro su a cikin birni. Ita ma da ƙauna take tunawa. Amma ita da kanta ta gaya mini a takardar gidan an rubuta ba a yarda wanda ba farar fata ba ya zauna. Babban bambancin da na gani shi ne su sayen gidan suka yi da bashi mai sauƙi, ya zama gadon 'ya'yansu. Namu iyayen aro aka ba su.

Hajiya 'Yar Kwatas:
Ɗana ka faɗi abin da ban taɓa haɗawa ba. Aro ne kuwa. Kujerun falo da gadon ƙarfe da teburin cin abinci duk na gwamnati ne, da lamba a jikinsu. Baba bai taɓa dasa ko bishiya ba, yakan ce ba a dasa itace a gidan wani. Duk abin da ya tara ƙauye yake aikawa ana masa gini.

Jikan Layin Dogo:
Ku bar maganar baƙin ciki haka nan, a tuna daɗi kuma! Wa ya tuna kwabo mai huda? Ni taro ake ba ni kuɗin tara, in sayi ƙosai da koko har in rage na alewa.

Autar Mama:
Kawu don Allah taro nawa ne? Kullum Mama tana cewa abu bai kai sisi ba, ban san lissafin ba.

Jikan Layin Dogo:
'Yata, kwabo 3 ne taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ƙasa da kwabo akwai ɗari, rabin kwabo ke nan, akwai kuma anini. Da su muka yi ta amfani har ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo, aka canza fam ɗaya naira biyu. Kafin nan da 'yan watanni, a Afrilun 1972, aka mai da tuƙi hannun dama. Mu a kwatas ɗin reluwe muke kusa da tashar Kaduna Junction, babana mai duba tikiti ne. Wasanninmu kuwa ba sa ƙarewa: garen taya, langa, ƙwallon tsumma, motar langa-langa da muke ƙerawa da gwangwanin madara. Mata suna carafke da 'yar gala-gala, in wata ya yi haske a yi gaɗa. Da azumi mu yi tashe gida gida, har gidajen Kiristoci, su ba mu kwabo su yi dariya. Ran Kirsimeti kuma a aiko mana da shinkafa da kaza, sai a kira Baba ya yanka musu kazar tun jajibere don mu iya ci.

Gwaggon Abakwa:
Ka manta talabijin! Gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 ya buɗe. A duk layinmu gida ɗaya ne ke da akwatin, baƙi da fari, kuma sai da yamma ake fara shiri. Matar gidan takan buɗe taga ta juyo da shi waje, mu zauna a ƙasa mu fi talatin. Sharaɗinta ɗaya ne, sai ka yi wanka. Kafin nan majigi muke jira, motar gwamnati ta zo filin makaranta a kafa farin ƙyalle. Baba kuma ba ya wasa da labaran BBC Hausa, in an fara ko cokali ba a ajiyewa da ƙarfi. Inna tata rediyon Zaɓi Sonka ce, tana tankaɗe tana sauraron gaisuwa ko za ta ji sunan garinsu.

Autar Mama:
Wannan maganar ta ƙarshe ta Gwaggo ita nake so a tsaya a kanta. Duk kuna ba da labarin yara da iyaye maza. Iyaye mata fa? Kakata a irin kwatas ɗin nan ta zauna, an kawo ta daga ƙauyen Katsina tana da shekara 15. Kafin ta rasu ta gaya mini shekarar farko kullum sai ta yi kuka in Kaka ya tafi ofis. Ba ta jin yaren maƙwabta, ba ta fita, babu uwar miji balle tata uwar. Haihuwarta ta fari ita kaɗai ce a gida naƙuda ta kama ta. To ita riba ta ci?

Malam Bazazzagi:
Kin ji abin da nake faɗa. A gidan gado wannan ba zai faru ba. Goyon ciki ma gida ake tafiya.

Hajiya 'Yar Kwatas:
'Yata, tambayarki ta fi tawa nauyi, na daɗe ina juya ta kafin in amsa. Mahaifiyata ma haka aka kawo ta, kuma ban taɓa tambayarta yadda ta ji ba sai da na yi aure aka kai ni nesa. A lokacin ne ta ce mini kaɗaici ya kusa zautar da ita, har ta taɓa ɗaure kayanta za ta gudu tasha. Amma ta ƙara da wani abu, Malam, wanda nake so ka ji. Ta ce a nan ne ta fara sanin tukunyarta tata ce. Babu mai auna mata hatsi, babu faccala mai ƙirga naman miyarta, babu mai cewa ta cika kwanciya. Baba in ya karɓi albashi yakan ba ta kuɗin cefane na wata a hannunta. A cikin abin da take ragewa ta shiga adashi da matan layi, ta sayi keken ɗinki Singer.

Wadda ta koya mata ɗinki kuwa maƙwabciyarmu ce ta hagu, matar Inyamurin nan. Mijinta ma'aikacin gidan waya ne. Muna kiranta Maman Bebi. Ta katanga suka fara, da nuni da hannu, har ita ta iya Hausa, Inna kuma ta iya 'yan kalmomin cefane na yarensu. Ita ta karɓi haihuwar ƙanina da tsakar dare kafin a samo mota. Inna ta koya mata tuwon shinkafa da miyar taushe, ita ta koya wa Inna miyar agushi. Karatun boko na yaƙi da jahilci ma tare suka riƙa zuwa, Baba ya yarda saboda da ita za a tafi. Don haka ba zan ce Inna ba ta sha wuya ba, ta sha. Amma dangin da ba ta samu ba ta ƙirƙire su a layin nan, kuma ita ce ta tsaya kai da fata sai na wuce aji bakwai na shiga sakandare, lokacin da dangin Baba suka aiko a cire ni a yi mini aure.

Ɗan Kakuri:
Haka tamu Innar ta yi, sai dai ita ba kulle. Abinci take sayarwa a ƙofar masaƙa, shinkafa da wake, bashi har ƙarshen wata. Rabin kuɗin makarantarmu daga tukunyarta ya fito. Itace da doya kuwa wajen matan Gwari take saye, suna shigowa da sassafe da kaya a kafaɗa.

Baƙon Amurka:
Kawu, su Gbagyi suke kiran kansu, kuma ya kamata a tuna gonakin da Hajiya ta ce suna bayan layinsu nasu ne. Kowace sabuwar unguwa da aka yanka, wani ne ya matsa gaba da gonarsa.

Ɗan Kakuri:
Na karɓi gyara. Muna yara ba mu taɓa tunanin haka ba, wallahi.

Baba Mai Ritaya:
Tunda Hajiya ta ambaci maƙwabciyarta, dole a zo kan 1966, don a nan ne rayuwar da muke magana ta karye. Daren Juma'a wayewar Asabar 15 ga Janairu, cikin goman ƙarshe na azumi, mun tashi sahur muka ji harbi da ƙara daga wajen gidan Firimiya. Babana ya ce atisayen soja ne, don an kwana biyu suna yi da dare. Da gari ya waye aka ce an kashe Sardauna da matarsa Hafsatu. Ban taɓa ganin babana yana kuka ba sai ranar. Sallar da aka yi bayan kwana takwas ko ɗinkin ba mu sa da daɗin rai ba. Daga nan yara suka fara jin kalmomin da ba su sani ba a da. Abokina da muke zama benci ɗaya tun aji ɗaya, rana ɗaya na ji ana cewa ba namu ba ne. Sai rikicin watan Mayu, sai na Satumba da Oktoba wanda ya fi muni. An kashe mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, maƙwabtanmu ne, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan in muna tuna daɗin zamanin ba.

Jikan Layin Dogo:
Mu da muke bakin tasha mun ga tafiyarsu. Jirage cike har saman tarago, mata da yara da ƙullin kaya. Babana kwana uku bai dawo gida ba. Akwai iyali guda da ya ɓoye a ɗakin ajiyarmu har aka samu jirgi. An gargaɗe mu ko a wasa kada mu faɗa, ni ina shekara tara.

Hajiya 'Yar Kwatas:
Maman Bebi da 'ya'yanta huɗu a uwar ɗakan Inna suka kwana biyu. Baba ya zauna a ƙofar gida a kan tabarma da carbi, duk wanda ya tambaya ya ce sun riga sun tafi. Ran da za su wuce Inna ta ba ta zane da mayafi ta yafa, wani abokin Baba direba ya kai su tasha da asuba. Ba ta iya ɗaukar komai ba sai yara. Ta bar wa Inna ajiyar babbar tukunyar ƙarfe da akwatin kwanuka, ta ce in ƙura ta lafa za ta dawo. Bebi sa'ata ce, tare muke tafiya makaranta, ranar ko sallama ba mu yi ba don ina barci.

Bayan nan layin bai koma daidai ba. A Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, a Yuli yaƙin basasa ya fara. A 1968 aka rarraba ma'aikatan tsohuwar Jihar Arewa kowa ya koma jiharsa. Banufen da mu aka tura Sakkwato, Jihar Arewa maso Yamma, Babarbaren ya tafi Maiduguri, ɗan Ilori ya koma Kwara. Cikin 'yan watanni layin da na sani ya watse. Aka zo aka ƙirga kujerun gwamnati, Baba ya miƙa makulli, muka hau babbar mota da keken ɗinki da tukunyar Maman Bebi.

Malam Bazazzagi:
Hajiya, jikina ya yi sanyi. Ban janye maganata a kan kaka da zaure ba, har gobe ina ganin yaro yana bukatarsu. Amma abin da mahaifinki ya yi a ƙofar gida da carbi, wanda ba shi da tushe ba zai yi shi ba. Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da ya rage mini shi ne, namu gidan na Zazzau yana nan, jikokina suna shiga zauren da kakana ya zauna. Ku kuma sai kwalbati.

Gwaggon Abakwa:
Wannan haka yake Malam, kuma yana da zafi. In aka tambaye ni garinmu sai in faɗi garin Baba, wanda duka zamana a cikinsa bai kai shekara biyu ba. In na yi mafarkin gida kuwa, kwatas nake gani.

Autar Mama:
Mama Hajiya, ta dawo kuwa?

Hajiya 'Yar Kwatas:
Ba ta dawo ba 'yata, ko kuma ta dawo ba ta same mu ba, tunda mun tashi. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 Baba ya rubuta wasiƙa sau biyu ta hannun gidan waya, ba a samu amsa ba. Inna ba ta taɓa girki a tukunyar ba har ta rasu, takan ce ajiya ce. Duk shekara sai ta fito da ita ta wanke ta shafa mata mai don kada ta yi tsatsa. Yanzu tana wurina.

Jikan Layin Dogo:
Kada ki fid da rai Hajiya. Wanda babana ya ɓoye ya dawo a 1971, ya sami gidan da ya gina a Kaduna yana nan, wanda ya bar wa amana ya tara masa kuɗin haya ya damƙa masa. 'Ya'yansa suna Kaduna har yanzu, muna zumunci, kuma suna da ƙungiyar mutanen garuruwansu da suke taro duk wata. In kin san sunan garin su Maman Bebi da sunan mijinta, ki turo mini ta akwatin sirri, kada ki sa a nan. Zan kai musu su bincika.

Hajiya 'Yar Kwatas:
Allah ya saka da alheri. Sunan mijin ina da shi, yana rubuce da fenti a murfin akwatin kwanukan. Garin ne na manta, amma yayana ya girme ni da shekara biyar, shi ya rubuta wa Baba adireshi a bayan ambulan ɗin. Bari a idar da magariba in kira shi.